Daga Katsina zuwa Akra: Mako Uku Ina Gadin Ƙofa a Wasannin Afirka

Ranar da na gaya wa Inna cewa an ɗauke ni aikin sa-kai, sai da ta ajiye carbinta ta dube ni da kyau, sannan ta ce, "Da wa ka yi shawara? Kai da ko kaza ba ka iya yankawa, kai ne za ka shiga daji?" Laifina ne, domin na manta cewa a Katsinar yau idan aka ce ɗan sa-kai, ba abin da ke zuwa zuciyar mutum sai waɗanda ke rataye da bindigar toka suna artabu da ɓarayin daji. Sai da na zauna na yi mata bayani cewa Gana zan tafi, wurin gasar Wasannin Afirka karo na 13, kuma aikina bai wuce irin na 'yan agajin da ke tsara sahu ranar Idi ba. Kawu kuwa, wanda ya yi shekaru yana fataucin goro kafin ƙafa ta hana shi, tambaya ɗaya ya yi: "Nawa za su biya ka?" Da na ce ba albashi, kuma kuɗin motar ma daga aljihuna zai fita, sai ya yi murmushi ya ce, "To gayya ke nan. Amma ni gayyar da na sani a gonar maƙwabci ake yin ta, a sha fura a watse. Ban taɓa jin wanda ya ƙetare ƙasa uku saboda gayya ba."

Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare, kuma na daɗe ina zuwa filin wasa na Karkanda kallon ƙwallo. Nijeriya ta karɓi baƙuncin wannan gasa sau biyu, a Legas a 1973 da Abuja a 2003, na farko ba a haife ni ba, na biyu kuma ina firamare. Don haka da na ga ana neman masu taimako sai na cike takarda ta intanet, na kuma zuba kuɗin adashena a gefe. An so yin gasar a watan Agusta na 2023, aka ɗaga ta zuwa Maris na 2024, amma aka bar mata sunan shekarar farko, abin da ya sa na sha wahalar yi wa mutane bayani.

Na tashi daga Katsina ranar Asabar, 2 ga Maris, bayan sallar asuba. Da a ce a zamanin su Kawu ne, da arewa da yamma zan nufa, domin hanyar fatake zuwa Gwanja ba ta taɓa ganin teku ba. Amma a lokacin iyakarmu da Nijar tana rufe tun bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, Jibiya da Kongolam duk shiru, saboda haka sai na yi kudu. Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, kafin hantsi ya dubi ludayi muna Kano, inda na biya naira 30,000 na shiga doguwar motar Legas. Ba abin da zan faɗa game da wannan tafiya sai ciwon baya da kifin da na saya a Lakwaja. Na kwana biyu a Agege wurin wani ɗan unguwarmu mai sayar da hula, ya raka ni wurin 'yan canji, kuma a nan jikina ya fara sanyi, domin a waɗannan kwanaki dala ɗaya ta haura naira 1,500, sidin Gana ɗaya kuwa ya fi naira 100. Damin kuɗin da na miƙa da hannu biyu, abin da aka dawo mini da shi aljihun gaban riga ya ishe shi.

Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, wato bai kai nisan Katsina zuwa Abuja ba, amma mun tashi daga Mile 2 da ƙarfe shida na safe, ba mu shiga Akra ba sai bayan isha'i. Abin da ke cin lokacin shi ne shinge. Tsakanin Badagiri da bakin iyaka na fara ƙidaya su, da na wuce ashirin sai na daina. Wani da ganga, wani da katako mai ƙusoshi, wani igiya ce kawai da mutum biyu a ƙarƙashin bishiya. Direbanmu ya ajiye canji a gefen giya tun daga tasha, kuma ba ya ko tsayawa sosai, hannu kawai yake miƙawa ta taga. Ina da fasfo na ECOWAS, ina da katin rigakafin zazzaɓin shawara, ina da takardar gayyata, amma a wani wuri wani mai kaki ya juya fasfon gaba da baya ya ce tunda sabo ne, ba a taɓa buga masa hatimi ba, sai na biya kuɗin buɗe shi. Na nemi rasit, sai duk motar ta yi dariya, wata 'yar kasuwa da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce in biya mu tafi, kada in sa mu kwana.

Iyaka uku muka tsallake: Seme, sannan Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sannan Aflawo. A Kwatano na ga masu acaɓa da rigunansu ruwan ɗorawa kamar tururuwa, na kuma ji Hausa a bakin kowane ɗan canji, har wani ya tambaye ni farashin gero a Dutsin-Ma. Togo kuwa, faɗinta ta bakin teku bai wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba, kafin in gama mamakin ruwan da ba a ganin ƙarshensa har mun ratsa Lome. A nan aka ce mu mayar da agogo baya da awa ɗaya. Wani abin da ya ba ni kunya shi ne jakata. Irin jakar nan ce ta leda mai layi-layi da muke kira Gana-mas-go ba tare da tunanin komai ba, sai da na sauke ta a Aflawo wani dattijo ya dube ta ya dube ni, na tuna cewa sunan ya samo asali ne daga korar baƙi da Nijeriya ta yi a 1983. Shi kuma ya tuna mini cewa su ne suka fara, a 1969. Muka yi musabaha.

Masaukina a unguwar Nima yake, gidan wani tsoho da ya yi hulɗar goro da Kawu. Yadda ya karɓe ni ya nuna mini cewa kalmar maigida a bakin fatake tana da nauyin da mu yaran yanzu ba mu sani ba. Ya ba ni ɗakin zaure, ya hana ni maganar kuɗi, ya ce, "Ɗana, kawunka ya kwana a kan wannan dandamali kafin uwarka ta yi wayo." Da ya ji daga cikin birni nake, sai ya ɗaga murya: "Ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba!" Shi kansa bai taɓa ganin hasumiyar Gobarau ba, a Gana aka haife shi, amma ya ce mini Sabon Zango da ke ɗaya gefen gari Malam Baƙo ne ya kafa ta, kuma mahaifin Malam Baƙo daga Katsina ya zo. Hausarsu ta ɗan ba ni wuya kwana biyun farko, saboda ba su cika rarrabe mace da namiji ba, sai ka ji an ce "Hajiya ya tafi kasuwa", ga kalmomin Turanci da na harsunan ƙasar sun shiga ciki. Su kuma yara sukan taru su ce in yi magana su ji Hausar rediyo.

Abinci bai ba ni wahala ba. Abin da duk Gana ke alfahari da shi da suna wace, ba komai ba ne illa shinkafa da wake, sai dai suna dafa shi da karan dafi ya yi ja, su zuba taliya da garin rogo da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Na sidi 20 yakan riƙe ni wuni. Kokon safe da ƙosai kuwa sunan Hausa ma suke kiran sa da shi, kuma na ga ma'aikata masu ɗaure da lakataye suna layi a kansa. Dokunu, wani tuwon masara nasu, shi ne kawai muka kasa shiri da shi, tsaminsa ya fi ƙarfina.

Washegarin zuwana, 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Gana ce, aka yi hutu. Bayanta aka tara mu a Jami'ar Gana da ke Legon, inda aka yi masaukin 'yan wasa da kuma sabon filin da za a yi bikin buɗewa. Aka ba mu riga da hula da kati mai hoto na ratayawa a wuya. Akasarin abokan aikina ɗaliban jami'a ne 'yan ƙasar, mu baƙi ba mu da yawa. Shugabar rukuninmu, wata yarinya da ba ta kai ƙanwata ta biyu shekaru ba, ta ɗaga katin ta ce mana lambobin da ke jikinsa su ne ke nuna inda mutum zai iya shiga, kuma aikinmu mu dubi kati, kada mu dubi fuska. Na ɗauki maganar da wasa.

Kowace rana ina tashi kafin asuba, in yi salla a masallacin layinmu, in shiga ƙaramar bas da suke kira turoturo zuwa tashar 37, daga nan in canza wata mai zuwa Madina in sauka a ƙofar jami'a. Kuɗin bai wuce sidi 10 ba, amma sai ka kasa kunne sosai domin yaran mota suna haɗiye rabin sunan unguwa. Makon farko an ajiye ni a inda motoci ke ɗaukar 'yan wasa zuwa filaye. Filayen a warwatse suke: ninkaya da tanis a Borteman, dambe a Bukom, ƙwallon maza a babban filin Akra, na mata kuma can Kef Kos, tafiyar awa uku. Ina riƙe da takardar jadawali da oba-oba, ina ƙirga kawuna, ina amsa tambaya ɗaya sau ɗari: yaushe mota za ta zo? Idan mota ta makara, ba direba ake yi wa faɗa ba, ba kuma manya ba, wanda ke sanye da rigar ake yi wa. An yi mini faɗa da Larabci, da Faransanci, da wani harshe da har yau ban san sunansa ba. Daren bikin buɗewa, Juma'a 8 ga wata, ina wajen fili ina nuna wa motoci wurin tsayawa. Hasken wasan wuta kawai na gani a saman bishiyoyi, sai da na koma Nima yaran gida suka ba ni labarin abin da suka gani a talabijin.

Kwana kaɗan da farawa azumi ya kama. Na saba da zafin bazara a Katsina, wanda ke busar da leɓe ya fasa dunduniya, amma na Akra wani iri ne. Ba ya ƙona ka, jiƙa ka yake yi. Kafin ƙarfe tara riga ta manne a baya, gumin kuma ba ya bushewa, ga shi ranar da aka tura ni rabon ruwa, ni ne ke fasa ƙanƙara ina miƙa wa mutane gora mai sanyi tun safe har la'asar. Wani abin kuma, gida suna shan ruwa kimanin rabin awa kafin mu, saboda mun fi su yamma. Inna takan kira ni da ta idar da magariba, in ji ƙarar ludayi a cikin kwanon kunu, ta ce, "Ka sha ruwa lafiya?" in ce mata tukuna, rana na nan ja a kan gine-gine. Mu musulmin rukunin sai muka riƙa ajiye abincin ranarmu zuwa magariba, wani direba Badagombe ya riƙa zuwa da dabino, 'yan wasan Masar da na Aljeriya da ke jiran mota sukan tsaya a sahunmu a bayan rumfa, kowa da katinsa yana lilo a wuya lokacin ruku'u. Abokiyar aikina Kirista ce daga yankin Bolta, ita ta ce in riƙa barin mata rana in koma inuwa daga azahar. Ban roƙe ta ba.

Ranar Laraba, 13 ga wata, Kawu ya kira ni da murna cewa an ba da umarnin buɗe iyakar Nijar. Washegari da safe sai intanet ta ɗauke. Mun zaci matsalar kamfanin waya ce, daga baya aka ji cewa wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace, abin ya shafi ƙasashe da dama na yammacin Afirka har da Nijeriya. Duk tsarinmu a WhatsApp yake, canjin lokaci, lambar mota, sunan direba, ranar nan sai muka koma biro da takarda da ƙafa. Na yi sawu tsakanin ofis da tashar motoci har na daina ƙirgawa, da azumi a bakina. Kuɗin da ƙanena zai turo mini ma ya maƙale, sai maigidana ya ciro sidi 100 daga ƙarƙashin hula ya ba ni, ya ce su a zamaninsu da goro da amana suke aika kuɗi daga Kumasi har Kano.

Mako na ƙarshe aka fara guje-guje da tsalle-tsalle, aka mayar da ni cikin fili, ƙofar ɗakin da ake tara 'yan tsere kafin a fito da su. A nan na ga abin da kyamara ba ta nunawa. Ɗakin shiru yake kamar ana jiran liman. Ana duba lambar ƙirji, ana duba ƙusoshin takalmi, ana karɓe waya. Wani yana tafe yana dawowa yana magana shi kaɗai, wata ta rufe fuska da tawul, wani dogon saurayi kuma hannunsa na rawa har ya kasa maƙala allurar lambarsa, ni na maƙala masa, ina jin bugun zuciyarsa a bayan yatsuna. Minti goma bayan haka ya dawo ta wata ƙofa yana ɗingishi, bai kai zagaye na gaba ba, ya zauna a ƙasa yana kwance igiyar takalmi a hankali kamar mai tsoron ta ƙare.

A wannan ƙofa ce maganar shugabarmu ta same ni. Wani babban mutum daga gida, da babbar riga da mutum biyu a bayansa, ya zo zai shiga ya gaisa da 'yan wasa. Katinsa na manyan baƙi ne, amma babu lambar wurin a jiki. Da ya ji harshena sai ya juya zuwa Hausa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba ɗan'uwa, a ƙasar mutane ma za ka yi mini haka?" Da a Karkanda ne, da tuni na rusuna na buɗe, har in riƙe masa takalmi. Sa'an mahaifina ne, kuma ban taso a gidan da ake ce wa babba a'a ba. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa, ba ni da ikon wannan ƙofa, katin ne ke da iko." Ya yi mini kallon da har yau nake tunawa, ya ce zai nemi sunana, ya juya. Ba abin da ya biyo baya, amma ranar ban ji daɗin shan ruwa ba.

Ranar tseren tsallake shinge na mita 100 na mata, Tobi Amusan, mai riƙe da tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 tun 2022, ta wuce ta gabana, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai kamu biyu ba. Ba ta da girman jikin da nake zato. Na rufe ƙofa a bayanta, na juya wa fili baya kamar yadda aka umarce ni, domin akwai rukuni na gaba da za a shigo da su. Na ji ƙarar bindiga, na ji ihu ya taso daga wancan gefe yana gangarowa, kafin in gama duba kati uku an gama. Daga bakin wani mai shara na ji ta ci zinariya. Haka na ji labarin 'yan kokawarmu mata da suka kwashe zinariya shida a Borteman, haka kuma na ji Gana ta doke matanmu da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na ƙwallo, wanda saboda shi sai da na yi kwana biyu ina shan tsiya a turoturo da zarar an ji ni ɗan Nijeriya ne. Da aka rufe gasa ranar 23 ga wata, Masar ce ta ɗaya, Nijeriya ta biyu da zinariya 47, Afirka ta Kudu ta uku. Masu masauki kuwa, kaso mai yawa na lambobinsu daga kokawar hannu suka samo shi, wasan da ɗalibaina ke yi a kan benci idan malami bai shigo ba, ina korar su.

Kafin in taho na yi sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, na kuma je kasuwar Nima na sayi ƙwaryar goro biyu. Maigidana ya raka ni har bakin titi da sandarsa, ya ƙi karɓar sidi ɗarin da ya ranta mini. Dawowa irin zuwa ce, sai dai wannan karon fasfona ya tsufa, ba wanda ya nemi kuɗin buɗe shi. Da na lissafa a hanya, na kashe fiye da albashina na wata uku, na dawo da riga biyu, da hula, da takardar yabo.

Na iso Katsina ana saura kwana goma sha biyu salla. Inna ta karɓi katin ta rataye shi a ƙusar da ke kusa da kalanda. Da dare bayan asham na kai wa Kawu tsarabarsa, ya buɗe ganyen, ya zaɓi fari guda ya fasa, ya sansana, ya ce wannan na can ne, ba na Shagamu ba. Na gyara zama zan fara ba shi labarin Amusan, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bari wannan tukuna. Nawa suka sayar maka da ƙwarya?"